Daga Tangaraho zuwa 4G: Tarihin Jira a Kudancin Nijar

A arewacin ƙauyenmu, can cikin ƙasar Mayahi, akwai wani tudun rairayi da a da ba a san shi da komai ba sai ƙarangiya da sawun awaki. Yau duk wanda ya je wurin bayan la'asar zai tarar da samari biyar ko goma a tsaye, kowa ya ɗaga hannu sama da wayarsa kamar mai roƙon ruwa. Nan kaɗai rezo ke da ɗan ƙarfi. A cikin gari ana iya kira in an yi sa'a, amma in saƙon murya ne ya zo daga Libiya ko Abijan, ko hoto, ko wata takarda, to sai an hau tudu. A babban hutun bara na tarar labari ya game gari, wai wani kamfanin waya zai kafa antan, 4G za ta iso bayan kaka. Na tuna shekara biyu kafin nan ma haka aka faɗa mini, da kalmomi iri ɗaya, har da "bayan kaka". Ƙanena da ke sana'ar cajin waya da faranti mai hasken rana ya ce mini: "Yaya, wannan karon gaskiya ne, mun ga mutanen da idonmu, sun zo da mota sun auna fili."

Ban musa masa ba. Ni malamin harshe ne, ban san abin da ke cikin akwatin da ake ajiyewa a gindin antan ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, jiran da samarinmu ke yi a kan tudu ya girme su, ya girmi iyayensu. Yana da tarihi, tarihin kuma yana da tsari. Tun ranar da saƙo ya fara gudu fiye da doki a ƙasar nan, akwai waɗanda yake fara isa gare su, akwai waɗanda ake ce wa su dakata, kuma jerin bai cika canzawa ba cikin shekara ɗari da ɗoriya.

Kafin zuwan Turawa, labari ba ya wuce saurin abin da ya ɗauko shi. Sarkin Damagaram yana da manzanni a kan dawakai, Sarkin Katsina na Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri suna da nasu, ana buga tambari a ji a unguwanni, sanƙira ya bi gari da shela. Talaka kuwa kasuwa ce gidan labarinsa. Kowane gari da ranar cinsa, fatake da ƴan koli su kwashi zance daga wannan kasuwa su zube a waccan, kafin mako ya zagayo an san kuɗin gero da na gishiri, an san wanda ya rasu da inda aka kai hari. Tazarar da ke tsakanin sarki da talaka a nan ba ta wuce ta doki da jaki ba. Baƙon da ya fito daga ƙasar da ta riga ta san tangaraho ma, in ya shigo, sai ya bi sahun kowa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu yana jiran kuɗi da kayan da aka aiko masa. Daga baya, da ya yi nisa wajen Tumbutu, har labarin mutuwarsa aka bayar a Turai alhali yana raye.

Shekarar 1899 ce ta fara nuna abin da tazarar saƙo ke iya jawowa. A farkonta rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Isa ta nufo gabas, tana ƙona garuruwa tana kashe mutane. Wani hafsa da aka kora daga rundunar, mai suna Péteau, ya rubuta wa budurwarsa a Faransa wasiƙa yana ba da labarin abin da ya gani, wasiƙar ta yi makonni a hanya kafin ta kai hannun ƴan siyasa. A cikin watan Afrilu gwamnatin Paris ta ba da umarni a bi su a karɓe jagorancin rundunar, aka ɗora wa Kanar Klobb, kwamandan Tumbutu, wannan aiki. Umarnin ya ƙetare teku a kan waya cikin ɗan lokaci. Amma daga inda waya ta ƙare, sai kwalekwale da doki da ƙafa. Klobb bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku da suka biyo baya sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet ɗin, kaburburansu na nan a Maijirgi.

Mai karatu ya ƙirga watannin: ƙarshen Afrilu, Mayu, Yuni, rabin Yuli. A cikinsu ne, a farkon Mayu, aka auka wa Birnin Ƙonni aka yi kisan da har yau ba a manta da shi ba, a cikinsu ne garuruwan da ke tsakanin Ƙonni da Tasawa suka ga wuta ɗaya bayan ɗaya. Ba ina cewa da waya ta iso da an ƙyale mu ba ne. Ba don tausayinmu kaɗai Paris ta aiko Klobb ba, kuma ragowar rundunar ta ci gaba ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin nan bayan yaƙin Tirmini. Abin da nake nufi ya fi haka ƙanƙanta: an riga an yanke hukunci a wani wuri, hukuncin yana kan hanya, mutanen da rayukansu ke rataye da shi ba su ma san da shi ba. Masu mulki kuwa, a ganina, darasin da suka ɗauka shi ne kada a sake barin hafsa ya yi nisan da waya ba ta kai masa.

Saboda haka wayar farko da ta ratsa ƙasarmu ta mulki ce. An ja ta daga bariki zuwa bariki, don kwamanda ya ji daga na sama da shi, ya kuma sanar da shi abin da aka tara na haraji da inda aka yi tsageranci. Ƙarshenta biyu masu muhimmanci su ne Damagaram, wadda ta zama cibiyar mulki daga 1911 har 1926, da Yamai da ta karɓe ta. Itatuwan da aka rataya wayar a kai, kakanninmu ne suka saro suka ɗauko a ka, su ne kuma ke share ciyawar gindinsu, a ƙarƙashin aikin tilas da ba a soke shi a doka ba sai 1946. Saƙo yana wucewa a saman gonar mutum, shi kuwa in yana son ya gai da ɗan uwansa a Tawa sai ya jira mai tafiya. Abin da ya rage mana daga wannan zamani kalmomi ne, kuma ina ba ƴan uwana malamai shawara su gwada su a aji, don yara suna jin daɗinsu. Kalmar "waya" daga Turancin Ingilishi ta shigo, ma'anarta ta farko zaren ƙarfe. "Gidan waya" ya samu sunansa ne don nan zaren ke shiga. Da aka zo da na'urar da ba ta buƙatar zare sai aka ce "wayar iska". Har yau muna "buga" waya alhali babu abin da muke bugawa; ma'aikacin tangaraho ne ke buga ɗan ƙarfe da yatsa. Kalmomin sun shiga bakin talaka shekaru da yawa kafin abin ya shiga hannunsa.

Ƴancin kai na 1960 ya canza mai riƙe da wayar, bai canza taswirarta ba. Jerin barikokin nan shi ya zama babbar hanya mai lamba ɗaya, daga Yamai ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, har Difa, tarho kuma ya bi ta. Ofishin gidan waya na gwamnati, OPT, shi ke da wasiƙa da manda da tarho gaba ɗaya, har 1997 da aka ware ɓangaren tarho aka kafa SONITEL. A shekarar 2000 layukan tarho a duk faɗin Nijar kimanin 20,000 ne, ga jama'a kusan miliyan 11, wato layi biyu ga mutum dubu, mafi yawansu kuma a Yamai, a ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata da ƴan kasuwa. Wanda ya nemi layi a gidansa ya rubuta takarda ya zauna jira. Jama'a ba su zauna ba. Rediyon ƙasa, da aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, ya zama wurin sanarwar rasuwa da ta aure, ana saurare shiru ko za a ji sunan garinsu. Direban motar kasuwa ya zama gidan waya mai ƙafa huɗu: a aljihunsa akwai wasiƙa da ajami, da kuɗi ɗaure a tsumma, da kaset ɗin da ɗan ci-rani ya cika da muryarsa, wanda za a taru a tsakar gida a saurara sau uku kafin a share a mayar da amsa a kansa.

Ina lise a Maraɗi a tsakiyar shekarun 1990 kakata ta rasu, wadda a ɗakinta na girma. Ranar Talata aka yi jana'iza. Mahaifina ya sa liman ya rubuta takarda, aka jira ranar kasuwa, direban ya kawo ta tasha ya ba wani mai shago ɗan garinmu, mai shagon ya jira ya ga wanda ya san ni. Ban ji ba sai Juma'ar mako na gaba. Tsakanin ƙauyenmu da Maraɗi tafiyar yini ce a mota. Ban ga laifin kowa ba a lokacin, don haka kowa ke samun labari, amma na yi kwana goma ina karatu ina dariya ina shirya abin da zan kai mata a hutu.

Daga nan sai salula. A Najeriya ta fara aiki a watan Agusta 2001, a nan kuma Celtel ya buɗe a Yamai a watan Oktoba na wannan shekara, SahelCom da Telecel suka biyo baya. An ce abin da babu zare a cikinsa ba zai bi tsohuwar hanya ba. Ya bi ta. Yamai ta fara samu, sannan manyan biranen jihohi, sannan garuruwan bakin kwalta, sannan manyan kasuwanni, ƙauye a ƙarshe. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna yadda ake tambayar matafiyi, "Rezo ya zo garinku?", kamar yadda ake tambayar ko an yi shuka.

Wannan shigowa a hankali, gari bayan gari, ita ta ba masu bincike damar auna abin da jira ke ci. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, ta ɗauki farashin gero na kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006, ta kwatanta kasuwannin da rezo ya riga ya isa da waɗanda ke jira. A ƙarshen wannan lokaci kusan kashi uku cikin huɗu na kasuwannin da ta bibiya sun samu. Abin da ta buga a 2010 shi ne, inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama da ƴan hatsi: mutumin da a da sai ya hau mota ya kwana a hanya kafin ya san kuɗin buhu a Dakwaro ko Bakin Birji, yanzu yana zaune a rumfarsa ya tambayi kasuwa biyar kafin azahar, hatsi ya tafi inda ake neman sa. Ka tuna kuma a tsakiyar waɗannan shekaru ne aka yi yunwar 2005, lokacin da bambancin kuɗin tiya ke raba gidan da ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin binciken shi ne wannan: amfanin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da suka fi nisa da juna, masu mummunar hanya. Wato wanda aka ajiye a ƙarshen layi shi ne wanda abin zai fi yi wa amfani.

Shekarun da suka biyo baya na canjin suna ne. Celtel ya zama Zain a 2008, Zain ya zama Airtel a 2010. Telecel ya koma Moov. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da kansa ga ƴan kasuwa a 2019, aka samu Zamani Telecom. SONITEL da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Kowane sabon suna ya zo da sabon fenti a bangon shaguna. A wannan tsakani talaka ya ƙirƙiro nasa harshe da abin da ya samu: bip ɗaya na nufin na iso lafiya, biyu na nufin kira ni, ba a kashe ko dala ba.

Har zuwa nan magana ce ta murya, kuma rezo na tsara ta biyu, wanda ake kira 2G, ya ishe ta. Abin da ya sauya lissafi shi ne intanet a cikin waya. Orange ya fara 3G a 2011, a 2013 kuma WhatsApp ya kawo saƙon murya. Ina ganin ba mu ba wannan abu na biyu darajarsa a tarihinmu ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin uku na manya ne ke karatu da rubutun boko, saƙon rubutu ya bar mafi yawan mutane a waje, dole su nemi ɗan lakwal ya karanta musu sirrinsu. Saƙon murya ya mayar da kaset ɗin ɗan ci-rani cikin tafin hannu, ya cire direba da kwana goma daga tsakani. Tsohuwa ta danna ta yi magana da Hausarta ta Adar ko ta Damagaram, ba ruwanta da ƙa'idar rubutu. To amma murya da hoto sun fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, ba sa tafiya a kan rezo mai rauni. Sai aka wayi gari wanda bai iya rubutu ba shi ya fi buƙatar rezo mai sauri, shi kuma ya fi zama nesa da shi. Masu cewa 4G kayan shagalin ƴan birni ne, na kallon bidiyo da wasan ƙwallo, ba su hau tudunmu ba.

A 2018 gwamnati ta ba Airtel lasisin 4G a kan kuɗi miliyar 12 na sefa, aka fara aiki da ita a 2019, wasu kamfanonin suka biyo baya. Ta bi tsohon sahu, daga Yamai zuwa manyan birane. Yau malamin da ya taso daga Maraɗi ya nufi arewa yana iya karanta tarihin nan a kusurwar wayarsa: 4G a cikin gari, H bayan ƴan kilomita, daga nan E, daga nan babu komai. Ɗalibaina sun ce E ɗin nan farkon kalmar escargot ce, wato dodon koɗi. Ban gyara musu ba, don sun riƙe kalmar fiye da duk waɗanda na rubuta a allo. A garuruwan bakin iyaka kuma, irin su Ɗan Isa da Ƙonni da kudancin Magariya, mutane sun daɗe da warware matsalarsu da waya mai layi biyu, ɗaya na gida ɗaya na Najeriya, duk wanda ya fi ƙarfi a ranar shi ake hawa. Iska ba ta san inda Faransa da Ingila suka ja layi ba.

Me ya sa take jinkiri? Amsar da ta fi sauƙi ita ce kwaɗayin kamfani, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Antan na 4G ba dogon ƙarfe kawai ba ne. Yana buƙatar abin da zai ɗauke masa kayan da ya tara ya kai cibiya, ko dai zaren gilashi da aka binne a ƙasa, ko jerin faranti masu kallon juna daga antan zuwa antan. In wannan hanya ta yi ƙunci, ko an rubuta 4G a waya tafiyar ta jaki ce. Yana buƙatar wuta dare da rana, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, saboda haka sai inji da gazuwal da mai gadi, ko farantan hasken rana da batura masu tsada. Yana buƙatar mutanen da ke kewaye da shi su mallaki wayar da ta san 4G, wadda kuɗinta ya fi na buhun gero. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ƙauyuka a warwatse, wasu yankunan kuma, kamar dazuzzukan Madarunfa da Gidan Rumji, ƴan bindiga sun sa ma'aikaci yana tunani sau biyu kafin ya je gyara. Kamfani ya yi lissafi ya ga antan ɗaya a unguwar Yamai ya fi goma a ƙasar Mayahi kawo kuɗi. Inda nake ganin ya kamata a tsananta tambaya shi ne wajen hukuma, don ita ce aka kafa domin ta yi lissafin da kamfani ba zai yi ba. Tana sayar da lasisi da tsada, tana karɓar haraji, har ta rufe ofisoshin Orange da na Airtel a ƙarshen 2018 a kan rigimar haraji. Hukumar sa ido ta ci kamfanoni tara a 2017 saboda rashin ingancin rezo. Doka ta tanadi asusun da za a kai waya da shi inda riba ba ta kai. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin haɗa ƙauyuka. Kuɗi suna shiga ta ƙofofi da yawa. Abin da mutumin ƙauye bai taɓa gani ba shi ne takarda a manne a ƙofar magajin gari mai cewa gari kaza, wata kaza. Da akwai ta, da "bayan kaka" ya zama alkawarin da za a iya bin bashinsa.

Akwai kuma jiran da ya fi ƙarfin ƙauye da birni duka. Nijar ba ta da teku, intanet kuwa mafi yawanta ta ƙarƙashin teku take tafiya. Shekaru da yawa babbar ƙofarmu ita ce zaren da ya bi ta Doso da Gaya ya sauka Kwatano. Da igiyar SAT-3 ta lalace a Yuli 2009, Nijar da Benin da Togo suka shiga duhu tare. A Maris 2024 da igiyoyi huɗu suka yanke a gaɓar Kodibuwa, mun sake jin abin a jikinmu. Don a ƙara ƙofofi ne Bankin Raya Afirka ya amince a 2016 da aikin zaren da zai ratsa Sahara: daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya, daga Difa zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magariya zuwa iyakar Najeriya, da wasu sassa, fiye da kilomita 1,000. Sai a ƙarshen 2025 aka miƙa shi. Wanda ya duba taswirar aikin zai gane tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa Kano da Damagaram da Agadas da arewa. Mun kuma koyi cewa abin da aka jira aka samu ana iya ɗauke shi: bayan zaɓen Fabrairu 2021 an rufe intanet ta salula kusan kwana goma, a 2023 kuma da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, antan da yawa suka koma rayuwa a kan gazuwal, masu caji irin ƙanena suka ga ciniki.

Mu malamai mun ga namu rabon a 2020. An rufe lakwal a watan Maris saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai farkon Yuni. Aka ce a ci gaba da darasi daga nesa. Na buɗe rukuni a WhatsApp don ajin ƙarshe, ina aika darasi da murya da hoton allo. Ƴan cikin gari suka bi, har suna gardama da ni da dare. Waɗanda suka koma ƙauyukansu, kuma su ne suka fi ƙoƙari a ajin, wasu ban ji ɗuriyarsu ba har aka dawo. Wata yarinya ta ce mini sau ɗaya a mako take samun darussan, ranar kasuwa, in yayanta ya je da waya inda rezo yake ya sauke su gaba ɗaya. Jarrabawa ɗaya suka zauna da ƴan birni, a rana ɗaya. Mun san abin da waya ke iya yi wa karatu tun shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka gwada a ƙauyukan Doso da Damagaram daga 2009, inda manyan da aka koya wa rubutu haɗe da amfani da salula suka fi takwarorinsu riƙe abin da suka koya. Yanzu kuma da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, littattafan da za a karantar da ita ba su wadata ba, kuma hanyar da ta fi arha ta kai ƙamus ko littafin karatu ga malamin ƙauye ita ce a sauke shi a waya. Ƙungiyoyinmu na raya harshe da al'adu suna yawan kuka da tsadar ɗab'i. Ban cika jin sun sa maganar rezo a jerin buƙatunsu ba, alhali yanzu ita ce rabin maganar ɗab'in.

A Maris 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar, bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2024. Wannan karon saƙo yana saukowa daga sama kai tsaye, bai bi bariki ba, bai bi kwalta ba. Kuɗin faranti da na wata sun fi ƙarfin manomi, amma ba su fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. A garin kasuwar da ke kusa da mu, tafiyar sa'a guda a kan amalanke, wani mai shago ya kafa farantin a kan rufin kwano yana sayar da lamba ta awa ɗaya ko ta yini. Ran kasuwa samarinmu kan tattara wayoyin gida biyar ko shida a jaka, na iyaye mata da na tsofaffi, su je su zauna a gindin bangon shagon, su sauke saƙonni, su aika amsoshin da aka ɗauka tun daren jiya, su komo da yamma su rarraba. Sauran kwana shida na mako tudu ne. Filin da aka auna yana nan a gabas da masallacin Juma'a, an kafa masa duwatsu huɗu a kusurwa. Da damina ta sauka mai gonar ya tambayi mai gari ko ya bar shi, aka ce ya shuka wake, don shi ba ya daɗewa.